Gwajin da Kawu Ya Rubuta

Ni dai ba na son aikin maimaici, kowa a ofishinmu ya sani, shi ya sa suke ce min 'Yar Gaggawa. Mu uku ne a ɗaki ɗaya mai fanka mai kuka: ni, da Oga, da wani dattijo da duk muke kira Kawu. Manhajarmu tana tura wa iyaye mata saƙon tes idan lokacin riga-kafin yaransu ya yi.

Tun da muka koma ba na'ura umarni tana rubuta mana manhajar, sai gwaje-gwajenmu suka zame min ƙarfen ƙafa. Gwaji ɗan ƙaramin shiri ne da ke duba aikin da kansa: in lafiya ya nuna kore, in da matsala ya nuna ja. To ita na'urar nan, ka ce ta gyara layi ɗaya, sai ta sauya sunayen abubuwa goma. Nan take allo ya yi jajir, alhali babu abin da ya lalace. Kwana biyu a kowane mako ina lallashin gwaje-gwaje. Haba!

Ranar Laraba Oga ya gaji da mitata. Ya ce, "Duk wanda bai tsinana komai ba, goge shi."

Wayyo daɗi! Kafin azahar na share arba'in. Sai na iso kan wani tsoho, shi ma ja, da sunan Kawu a samansa.

Na ce, "Kawu, yau naka ma zai bi 'yan'uwansa."

Ya jawo kujerarsa kusa da ni, kofin shayinsa a hannu. "To, 'yata. Amma karanta shi tukuna, ko don girman furfurata."

Na karanta ina tsaki. Gwajin yakan ƙirƙiri uwa da jariri na ƙarya, ya rubuta cewa jaririn ya rasu, ya tura kalanda gaba wata tara, sannan ya duba ko saƙo ya fita.

Na ce, "Ai wannan ko na'ura ta sani."

"Duba dai."

Na duba. Wannan jan na gaskiya ne: garin gyare-gyarenta, na'urar ta cire sharaɗin da ke hana tura saƙo idan yaro ya rasu. Na leƙa jerin saƙonnin da za su fita gobe da ƙarfe goma. Mata goma sha ɗaya ne a ciki waɗanda suka binne 'ya'yansu.

Na mayar da sharaɗin, allo ya koma kore. Na juya na ce wa Oga kwana biyun nan da nake mita a kansu na yafe, kuma arba'in ɗin da na goge zan dawo da su in karanta ɗaya bayan ɗaya. Ya kalli jerin, ya gyaɗa kai.

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Kawu, me ya kawo maka tunanin rubuta wannan?"

Ya daɗe yana juya kofin.

"Autarmu ta rasu tana da wata huɗu," in ji shi. "Bayan wata biyar saƙo ya shigo wayar matata, gwaggonki, daga wani asibiti, wai ta kawo yarinya allurar ƙyanda. Har da sunanta. Kwana uku ba ta ci abincin kirki ba."

Idona ya cika. Na ce, "Allah ya sa mai ceto ce."

"Amin. Kin san me ta yi? Amsa ta rubuta musu. Ta ce, Allah ya karɓi abinsa, amma na gode da kuka tuna da ita."

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Shekara goma sha biyu ke nan, 'yata. Har yau na kasa gaya mata ba mutum ne ya turo ba."