Hoton Tuwon Ɗantsoho

Ina tankaɗen garin gero Cindo ɗan acaɓa ya faɗo gidan babu sallama, mutumin da ko ruwa zai roƙa sai ya tsaya a zaure.

"Kai, lafiya?"

"Inna Safara'u, ɗauko mayafi. Ɗantsoho ne ya faɗi a hanyar Gumel."

Na ce ai ba yau ya fara faɗuwa ba, a ba shi ruwa mana. Cindo ya sunkuyar da kai. Har muka isa asibiti rariyar tana hannuna, ban san na taho da ita ba.

Na tarar an lulluɓe shi. Da na yaye zanen, sai ga baƙar leda naɗe a ƙirjinsa da cikinsa. A haka yake gudu cikin zafin bazara, lokacin da ko akuya inuwa take nema. Likitar ta ce, "Mama, babu ruwa a jikin yaron nan. Yaushe rabonsa da abincin kirki?"

Na ce, "Ki tambayi wayarsa."

* * *

Ɗana na fari ne, sunan kakansa ya ci, shi ya sa muke ce masa Ɗantsoho. Tun yana ƙarami in maraƙi ya ɓalle ranar kasuwar Sule Tankarkar, shi ake ƙwala wa kira. Wani Koci Ismail daga Gumel ya gan shi a gasar makarantu, ya ce zai kai shi gudun fanfalaki, daga nan sai ƙasar waje. Amma sai ya rage nauyi.

Nauyin me? Yaron da iska ke kaɗa riga a jikinsa kamar an shanya ta a igiya!

Kullum da safe ya tafi shagon Sajo mai sayen riɗi, ya hau sikeli kamar buhu, a ɗauki hoton lambar a tura wa Koci. Abinci ma ba ya kai loma baki sai Koci ya ga hotonsa. Suna da zaurensu a waya, su da sauran yaran. Wanda lambarsa ta hau, ranar sunansa Tumbi.

"Inna, rage malmalar nan, Koci zai ce ta yi yawa."

"Kocin ne ya haife ka?"

"Inna, don Allah."

"Shi Kocin naka ka duba cikinsa? Ko wandonsa ba ya rufuwa."

Ya yi dariya, amma ya rage. Ƙarshe ya ɗauko ɗan kwanon da na yaye ƙanwarsa Hidaya da shi, ya ce a nan zan riƙa zuba masa.

Na kai ƙara wajen ubansa. Malam Ɗalha ya ce, "Ki bar yaro, Safara'u. Mutumin nan karatun abin ya yi." Matan unguwa kuwa da suka ga yana wuni bai ci ba, sai suka ce azumin nafila ya kama. Har barka suke yi mini, wai Allah ya ba ni ɗa salihi.

Sai na koma tusa man shanu a ƙarƙashin tuwon, inda hoto ba ya gani. Da sikelin Sajo ya motsa, Koci ya yi masa tatas a gaban yaran. Daga nan leda ta shigo, da wasu ƙananan ƙwayoyi daga kemis masu sa mutum fitsari kamar an huda salka. In ana jira in ce na yi nadamar man shanun nan, a daina jira. Ɗana na ciyar.

* * *

Ranar sadakar uku Koci ya zo, ya nemi a yi masa iso. Ya durƙusa a bakin ƙofata da kayan wasanninsa masu ƙyalli.

"Hajiya, sai haƙuri. Ban taɓa samun yaro mai biyayya irinsa ba, ko rana ɗaya bai tsallake awo ba. Wallahi saura kilo ɗaya ya kai."

Na ce, "Ai ya kai, Malam. Waɗanda suka ɗauki makarar sun ce kamar babu kowa a ciki."

"Safara'u!" in ji Malam Ɗalha daga zaure. "Ƙaddara ce."

"Na yarda da ƙaddara. Amma ledar nan ba daga sama ta faɗo ba."

Koci ya karanta Fatiha, ya karkaɗe gwiwarsa, ya fita.

Bayan arba'in na hau mota har Gagarawa Tasha wajen uwar ɗaya daga cikin yaran Koci, don in gargaɗe ta. Ta ba ni ruwa, ta saurare ni, sannan ta ce nata ɗan ƙashinsa da ƙwari. Da na fito na ji tana ce wa maƙwabciyarta baƙin ciki ne ya taɓa ni.

* * *

Wayar Ɗantsoho tana wajena. Kullum da safe sai ta yi ƙara, in miƙa wa Hidaya ta karanta mini, abu ɗaya ne daga Koci: "A turo awo." Can sai hotunan su fara shigowa, ƙafafun 'ya'yan mutane a kan sikeli, sirara kamar karan dawa.

Na ce ta nuna mini inda ake dannawa.

Yanzu in na sauke tuwo, babban kwano nake ɗaukowa. In jera malmala har ta tsere wa baki, in kwarara miyar kuka, in ɗora man shanu a sama, inda kowa zai gani. In ɗauki hoto, in tura wa Koci. Alamar nan ta gefe takan koma shuɗiya, Hidaya ta ce ya gani ke nan. Bai taɓa amsawa ba, bai kuma cire lambar wayar daga zauren ba.

Sai in rufe kwanon da faifai, kada ƙuda ya faɗa.