Tsakanin Ɗagewa da Sokewa

"Sunanta ba ya ciki," in ji ma'aikacin asibitin. Ya juyo da fuskar kwamfutar don Mai Ɗinki ta gani da idonta. "Tun ranar Asabar aka soke shi."

"Wa ya soke? Matar da ake wa wankin ƙoda sau biyu a mako ce za ta soke kanta da kanta?"

Malama, maƙwabciyarta mai ciwon, na zaune a benci, ƙafafunta sun kumbura har silifa ta ƙi shiga. Ta ɗaga hannu da ƙyar. "Ƙanwata, ƙyale bawan Allah. Ba shi ba ne."

Sai a mota ta warware mata zancen. Ranar Asabar ta tura saƙo ga na'urar da ke amsa wa marasa lafiya, ta ce a ɗage mata Talata zuwa Laraba, don babu mai kai ta. Na'urar ta ce an yi. Ashe cire ta daga layin ta yi gaba ɗaya, aka ba wani gurbinta. Sabon gurbi sai nan da kwana tara.

Shekara huɗu ƙofofinsu na kallon juna a hawa na biyu, amma iyakar sanin Mai Ɗinki shi ne Malama ta bar koyarwa ta koma aiki da kwamfuta a ɗaki. Ranar ta fahimci aikin. Waɗannan na'urori masu ƙirƙirarriyar basira ba sa taɓa komai sai da kayan aikin da aka haɗa musu: wannan na neman suna, wancan na canza rana. Kowanne da ɗan bayanin da wani mutum ya rubuta, kuma shi na'urar ke bi. Malama ce ke karanta bayanan tana ba su maki.

"Kamar mai kaya ta ce miki, rage mini rigar nan, ba ta ce tsawo ko faɗi ba," in ji Malama.

"Ai sai in tambaye ta."

"Ita na'urar ba ta tambaya, muddin ta ɗauka ta gane."

Mai Ɗinki ta dube ta. "Yaya, ke kika duba na asibitin nan?"

"Ba a gaya mana na wane ne." Malama ta kau da kai wajen taga. "Amma na sha barin irinsa ya wuce, ranakun da na gaji."

Ƙanin Malama, direban babbar mota, ya ajiye aiki ya shiga zagaye gari. Duk asibitin da ya je, injin wankin ƙoda a cike. Mai Ɗinki ta rufe kekenta da zane, ta koma jinya. Malama ba ta iya kwanciya sai a jingine da filo uku, ruwa kuma sai dai a jiƙa mata leɓe.

Rana ta biyar da hantsi ta ce a kunna kwamfutar. Idonta ya daina ganin rubutu.

"Haba Yaya, aiki a wannan hali?"

"Karanta mini kawai."

Mai Ɗinki ta karanta bayanin wani kayan aiki, tana bin layin da yatsa. "Yana gyara alƙawarin mai buƙata."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Gyara kamar yaya? Ɗagewa ko sokewa?" Ta tsaya ta nemi numfashi. "Ba shi ɗaya cikin biyar. Ki rubuta, a faɗi abin da yake gogewa. A faɗi ko ana iya maido shi. A ce na'urar ta tambayi mutum kafin ta taɓa."

Mai Ɗinki ta shiga danna haruffa da yatsa ɗaya, da ƙarfi.

"A hankali, ƙanwata, ba maɓalli kike ɗinkawa ba."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe Malama. Bayani huɗu suka duba. A na biyar ta ce a sake karantawa, aka sake, ta ce a sake. Daga nan Mai Ɗinki ta kashe kwamfutar.

Rana ta bakwai da safe shaƙuwa ta kama ta, ta daina gane mutane. Ƙaninta ya sungume ta ya fara sauka, Mai Ɗinki na biye da jakar magani. A tsakiyar benen ya tsaya cak, ya zauna a kan matakala da ita a cinyarsa.

"Ci gaba mana!"

Bai ɗago ba. "Babu sauran sauri," ya ce. Ya shafa mata ido.

Bayan an yi jana'iza mutane sun watse, da la'asar, Mai Ɗinki ta hau saman bene kwashe shanya. A ƙarshen igiyar akwai rigunan Malama biyu da ta wanke mata shekaranjiya, sun bushe ƙayau. Ta cire su, ta kakkaɓe, ta ninke hannu a kan hannu. Ta daɗe a tsaye da su a ƙirjinta, da sauran ɗumin rana a jikinsu.