Ƙyaure Biyu a Bayan Motar Barend

"Ba ni makullin nan, Elsabe."

"Ba zan bayar ba, Baba. Ka kira fasto ma in ka ga dama."

"Motar ubanki ce?"

"Ta ubana ce mana. Shi ya sa."

Ni kuwa ina zaune a kicin ɗinsu, rigar katifa a kan cinyata, na duƙar da kai ina ɗinki kamar ban san ana yi ba. Shekara arba'in ina maƙwabtaka da Barend a layinmu na nan Rehoboth, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ba ta da kauri. Amma faɗan da ka ji ta katanga bai kai wanda aka yi a gabanka daɗi ba, ga kofi kuma a gefe.

Bari in faɗa muku mafarin abin. Duk Disamba, da zafi ya taso, layinmu kaf sai a kwashe a tafi bakin teku kamun kifi. Barend da matarsa Truida suna da wurinsu a sansanin can, lamba goma sha bakwai, bayan wani dutse mai tare iska. Shekara talatin da ɗaya suna sauka nan. Dokar sansanin kuwa kowa ya san ta: ka yi fashin shekara ɗaya, an ba na bayanka, kuma mutane suna nan a layi kamar ana rabon nama.

Truida ta rasu a watan Maris. A watan Agusta Barend ya hau tsani zai buɗe tantin da ke saman motarsa ya sha iska, ƙafa ta zame, kwatangwalo ya tsage. Yana kwance a asibiti 'yarsa Elsabe ta zo daga Windhoek ta sa aka kwance tantin ta ba surukinta. Ya dawo ya tarar da saman mota fayau. Ya je ya tambayi kuɗin sabo, ya dawo ya zauna a baranda har yamma bai kunna rediyo ba.

Sai ya shiga dabaru. Da farko ya sayo ƙaramin tantin ƙasa na hannu, ya kafa a tsakar gida, ya rarrafa ya shiga. Shiga ta yi, fita ta gagara. Ni na jawo shi ta ƙafa, yana zagina ina dariya. Ya gwada ɗaura tamfol a jikin mota, iskar rana ɗaya ta ɗauke shi ta kai kan kajina. Ya gwada kwantar da kujerar gaba, ya tashi wuyansa ya karkace kwana uku yana gaishe da mutane a kaikaice.

Ran nan da safe sai na ji ƙarar guduma. Na leƙa ta inda na saba leƙawa. Barend ya cire ƙyauren ɗakin barcinsu, ya jera akwatunan lemo shida a bayan a-kori-kurarsa, ƙarƙashin rumfar da ta rufe bayan motar, ya ɗora ƙyauren a kai. Ga gado a sama, ga wurin tukwane da kayan fatsa a ƙasa, babu tsani, babu rarrafe. Na ce kai, tsohon nan yana da kai. Sai kuma na ga ya koma ciki ya fito da ƙyauren ɗakin ajiya, ya jera shi kusa da na farko, ya haɗe su da ƙusa.

Ƙyaure ɗaya ya ishi mutum ɗaya, jama'a. Barend ba shi da faɗin da ya wuce sandar tsintsiya.

Da yamma ya kawo mini soso da yadi ya ce in ɗinka rigar katifa da labule. Na auna. Na sake aunawa. Katifar mutum biyu ce, ko makaho ya shafa zai faɗa.

Ni Disamba ba watana ba ne. Tun da Koos mijina ya rasu, shekara tara ke nan, ni ce mai gadin layi. Kowa zai tafi sai ya kawo mini makullinsa da kyanwarsa. In zauna ni kaɗai da kyanwa bakwai, labari ya cika mini baki babu wanda zan juye wa. Har mai kawo wasiƙa hutu yake tafiya. Wata shekara na kama kaina ina ba wa kaza labarin matar fasto.

To, ran Lahadi bayan coci, na ɗan faɗa wa Hendrina, wata 'yar layinmu, ita kaɗai, cewa Barend ya yi gadon mutum biyu kuma ni ya ba wa ɗinkin. Ban ƙara ko kalma ba. Na dai gyara hulata. Kafin Laraba magana ta isa Windhoek, ta dawo an haɗa ni da Barend har an sa ranar aure. Ni kuma, tunda ba a san abin da Allah zai yi ba, na sauko da jakata daga saman kabad, na saka rigar sanyi biyu saboda iskar teku, na gasa busasshen burodi gwangwani guda. Shiri kawai.

Shi ne Elsabe ta zo ranar Juma'a, ana gobe layi zai tashi, ta zare makullin motar daga ƙusar bango ta jefa a jakarta.

"Shekararka saba'in da huɗu," in ji ta. "Kilomita ɗari huɗu da wani abu, rabi duk tsakuwa. In ka faɗi a kan duwatsun nan wa zai ɗaga ka? Kifi?"

"Mutane cike da sansani."

"Mutanen da ke tafiya fatsa tun asuba? Kuma dubi gidan nan! Na shigo zan canja kaya, babu ƙofa. Wane irin mutum ne yake cire ƙofar ɗakinsa?"

"Wanda ba shi da wanda zai rufe wa."

Na soke yatsana da allura.

Elsabe ta ja kujera ta zauna. Muryarta ta sauko. Ta fito da makullin ta ajiye a kan tebur, amma ba ta ɗauke hannunta daga kansa ba.

"Baba, ni ba faɗa na zo yi ba. An ce da Tannie Miemie za ka tafi." Ta dube ni, don ni ce Miemie ɗin, Tannie kuma inna ke nan a bakinsu, ni kuma na dubi labule. "In gaskiya ne, wallahi na ji daɗi. Ba ruwana da bakin mutane. Ka ce mini eh, akwai mai kula da kai, ka ɗauki makullinka."

Kun ji fa. Kalma ɗaya. Lamba goma sha bakwai tana kan tebur, tsakanin gwangwanin sukari da hannun 'yarsa. Ni ko a ƙarya ya faɗa na yafe masa, zan hau motar in gyara ƙaryar ta zama gaskiya. Zuciyata tana bugawa kamar ta 'yar shekara sha shida, abin kunya.

Barend ya juyo ya dube ni. Bai yi fushi ba, da ma ya yi.

"Miemie, ke kika faɗa?"

"Ni awo kawai na faɗa, Barend. Awo ba ya ƙarya."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ban san na yi biyu ba sai da na gama buga ƙusa. Hannuna ne ya saba." Ya shafa gemunsa. "Ƙyauren hagu, na ɗakinmu, akwai ƙugiyar da Truida take rataye rigar barcinta. Ban cire ba. Gefen nan da mai shi."

"Baba, Mama ta tafi."

"Na sani. Ni na rufe mata ido."

"To ka ce eh mana! Wurin zai tafi fa. Gidan Van Wyk shekara biyar suna jiran sa."

"Su ɗauka."

Elsabe ta jira. Ni ma na jira. Ta ja makullin ta mayar cikin jaka, ta ja zif, tana share ido da bayan hannu.

Ya miƙe da sandarsa, ya zare rigar katifar daga cinyata, saura taƙi ɗaya ban gama ba, allurar tana lilo a jiki. Ya nufi ɗakin barci, ya miƙa hannu zai jawo ƙyaure, hannun ya kama iska. Ya ɗan tsaya a nan, bayansa gare mu. Sannan ya juya ya ratsa kicin ya fita tsakar gida.

Ta taga ina ganin layi, kowa yana ɗaure kaya a saman mota, Hendrina ta nufo gidana da kyanwarta a kwali. Barend ya zauna a bakin a-kori-kurar, ya ɗaga ƙafar mai ciwo da hannu biyu ya shigar, ya ja jiki zuwa gefen dama. Ya miƙo hannu ya finciko ƙofar rumfar, garam!