Kwamfutar da Ta Tafi Bama

Tun da Malam Shu'aibu ya rasu, matarsa Hasiya ba ta bari a canza komai a ɗakinsa ba. Dillalin bandar kifi ne a Yelwa, kuma ya sayi kwamfuta ne don magana da masu sayen kaya na Kudu. Bayan Hasiya ta fita takaba, sai ta yarda autarsu Zulaihatu ta riƙa karatun ungozoma a kanta, bisa sharaɗi guda: ta bar komai yadda mahaifinta ya bari.

Kowa a gidan ya san agogon kwamfutar ba ya faɗin gaskiya. Da hantsi sai ya nuna la'asar. Ba wanda ya damu, tunda akwai waya. Abin da Zulaihatu ba ta sani ba shi ne, kwamfutar tana juya har lokutan da makaranta ta aiko. Ta nuna mata jarrabawa da yamma, alhali da safe aka yi. Malamarsu ta ba ta dama ta ƙarshe ranar Juma'a, ta kuma ce idan agogon bai daidaita ba, shafin jarrabawar ba zai buɗe ba.

"Inna, shekara guda zan rasa a kan agogo," in ji Zulaihatu.

Hasiya ta ci gaba da tsintar shinkafa. Can ta ce, "A kira Yohanna. Shi kaɗai."

Yohanna mutumin wajen Ngaski ne, yana da shagon gyaran waya da kwamfuta kusa da tasha. Abokin marigayi ne na shan shayi da gardama. Ya zo ranar Alhamis bayan la'asar, ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya sake yin gaisuwar rashi kamar jiya aka yi.

"Maman Zulai, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ga ta nan. Amma kada ka goge mini komi nashi."

"Ko ƙura ba zan goge ba sai kin ce."

Hasiya ta jawo kujera ta zauna a gefe. Ba ta iya karanta boko sosai, amma tana so ta ga abin da za a yi wa kayan mijinta. Ga kuma abin da ya daɗe yana cin ranta: mutumin da ko kiran sallah ba ya wuce shi, yaya aka yi ya zauna da agogo mai ƙarya?

Yohanna ya ce akwai wani ɗan batir a ciki mai kama da kwabo, idan ya mutu agogo kan rikice. Ya kashe kwamfutar, ya kunna, ya duba. Batir lafiya lau. Sai ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa.

"Yanzu zan sa ta tambayi babban agogo," in ji shi.

"Wane babba?"

"Akwai wasu agoguna a duniya da ba su kuskure. Kowace kwamfuta kan je ta tambaye su lokaci, ita da kanta."

"Kamar yadda muke jiran sanarwar ganin wata."

"To, kusan haka."

Ya danna. Kwamfutar ta ɗan yi tunani, ta ce ta daidaita. Agogo bai motsa ba. Ya sake dannawa, ta sake cewa ta daidaita. Yohanna ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ta je ta tambayo, an gaya mata, ta dawo tana nan kan bakanta. Halin mai ita ta ɗauko."

Zulaihatu ta yi dariya. Hasiya ma sai da ta rufe baki da gefen mayafi.

"Mi ya sa ba ta gudu, ba ta jinkiri?" ta tambaya. "Agogon bangon nan da ya lalace, kullum ƙara ɓata yake. Wannan kuwa ƙaryarta guda ce kullum."

Yohanna ya dube ta, ya dubi kwamfutar, ya shiga wani wuri daban a cikinta. Sai ya jingina da bango.

"Ashe ba ƙarya take ba. Gaskiyar wani gari take faɗi. Maman Zulai, kwamfutar nan a ganinta tana ƙasar Bama."

"Bama ta yaƙin su kaka?"

"Ita. Kuma ba da kanta ta je ba. An kashe wurin da take gane ƙasar da take, an zaɓi Bama da hannu."

Hasiya ta riƙe haɓa. Malam Shu'aibu ko Kontagora sai da dalili yake zuwa. Zulaihatu ta ce ko yana da mai sayen kifi a can. Yohanna ya ce da kifin Yauri ya kai Bama, da shi ne zai fara ji a wurin shayi. Ya ce wataƙila hannunsa ne ya zame.

"Hannunshi ba ya zamewa," in ji Hasiya. "Mutumin da ka zare ƙayar kifi bai ɓata tsoka ba."

"To, gyaran dannawa ɗaya ne. In mayar da ita gida?"

"Dakata tukun."

Zulaihatu ta dubi mahaifiyarta. Hasiya ta san gobe ce jarrabawa, ta kuma san za ta yarda a ƙarshe. Amma idan aka gyara yanzu, tambayar za ta tafi ke nan, kuma wanda zai amsa ta yana maƙabarta. Ta sa aka kawo wa Yohanna kunun zaƙi. Suka zauna suna jefa zato. Rana ta yi ƙasa, iska mai ƙanshin ruwa da hayaƙin banda ta fara shigowa daga bakin gulbi. Fuskar kwamfutar ta koma hoton da marigayi ya sa, jiragen kamun kifi a Wara, da agogo da sunan rana a kai.

Ladan ya gyara murya a masallacin unguwa. Hasiya ta miƙe za ta yi alwala, ta faɗi abin da ta saba faɗa duk yammacin Alhamis tun tana amarya.

"To, Juma'a ta shiga."

"Inna," in ji Zulaihatu a hankali, "ita ma ta ce Juma'a. Yanzun nan ta juya."

Hasiya ta tsaya da buta a hannu. Sai abin ya dawo mata. Shekarar da ya sayo kwamfutar, yana ta yabonta, ita kuma ta tsokane shi wata magariba irin wannan. Ta ce abin da bai san dare ne ke gaba da rana ba, wane ilimi gare shi? An shiga daren Juma'a, ita tana nan tana cewa Alhamis sai tsakar dare. Ya ce, "Bari, zan koya mata." Ta ɗauka wasa ne. Bai sake tada maganar ba.

Ta gaya musu. Yohanna ya yi lissafi da yatsu, ya girgiza kai.

"Wato ya bi ƙasashen duniya ɗaya bayan ɗaya, har ya sami wadda tsakar darenta ke faɗawa kan magaribarmu. Ya yarda agogo ya ɓace masa, don dai rana ta juya lokacin da kika ce."

"Kuma bai gaya mini ba."

"Jira yake ki gani da kanki, ya ci gardama."

Hasiya ta daɗe tana kallon kalmar da ba ta iya karantawa. Ta share ido da bayan hannu.

"Ya ci," ta ce.

Yohanna ya ce akwai dabara. Ana iya ƙara ƙaramin agogo na biyu a gefe, a bar shi a Bama, babban kuma ya dawo Najeriya.

"A'a. Na riga na gani. Dawo da ita gida duka, Auta na da jarrabawa."

Ya danna. Agogo ya koma daidai da na waya, rana ta koma Alhamis. Zulaihatu ta buɗe shafin makaranta, lokacin jarrabawa ya fito da safe yadda malama ta faɗa.

"Inna, ta koma cewa Alhamis."

"Bar ta da Alhamis ɗinta," in ji Hasiya, ta nufi bakin randa. "Ni dai Juma'a ta shiga. Tashi ki yi alwala."