Munduwar Kyauta

Kyauta tana tsakar gida tana surfe, Bappa mijinta ya shigo da jaki har ciki, bai ko sauka a zaure ba. Hularsa ma ta faɗi a hanya bai sani ba.

"Kyauta, ajiye taɓaryar nan! Gwamnati ta ji tsoronmu!"

"Malam, jakinka zai ci mini gero."

Tun da aka gama yaƙin Turawa azurfa ta ɓace a kasuwa, aka kawo kuɗin takarda. Bappa kuwa tun ranar aurensu ya yi wa Kyauta alkawarin munduwar azurfa. Sai da gemunsa ya yi furfura sannan ya sayar da sa a Maigatari don ya cika, aka ba shi takardu. Ya kai wa Ya'u maƙeri ya ce a narka. Ya'u ya yi dariya har ya ƙona yatsa.

Daga nan Bappa ya ɗaura yaƙi. Duk ranar kasuwa sai ya hau turmi yana kira a dawo da azurfa. Ya tara tsofaffi suka tafi Gumel kai kuka, rabinsu suka ɓace a wajen mai tsire.

Yau ga shi ya kwance bakin jaka, ya zazzage sababbin sulalla a faifai, masu ruwan ɗorawa, suna ƙyalli. Takardunsa duka ya canjar.

"Azurfa muka roƙa, suka ba mu zinariya! Tashi mu je."

Ya'u ya ɗauki sule ɗaya, ya buga a kan uwar maƙera. Ƙarar ta fito kamar an jefa dutse a laka. Ya lasa, ya tofar.

"Bappa, wannan tagulla ce aka gauraya."

"Hassada ce ke cinka. Kai ka taɓa hawa turmi saboda jama'a?"

Ya'u ya dubi Kyauta. Ita ma ta san tagulla, da ita aka yi mata zoben ƙuruciya. Ta dubi mijinta, tsoho ba hula, ƙeya tana naso, yana murmushi kamar ango. San da ya sayar ya tafi, ba wani kuma a turke.

"Ya'u, idonka ya fara mutuwa," in ji ta. "Zinariya ce. Hura wutarka."

Kafin la'asar munduwa ta hau hannu. Bappa ya bi da ita ta doguwar hanya, yana tsayar da mutane su gani, har da makaho.

Ta koma kan surfenta. Gumi ya sauko, wuyan hannunta ya yi kore shar. Bappa ya hango, fuskarsa ta sauya.

"Mene ne wannan?"

"Haka zinariya take yi wa wanda bai saba da ita ba."

Ya gyaɗa kai. "Na ji ana faɗa. Matan sarki ma haka suka fara."

Bappa bai ga kakar shekarar ba. Da azurfa ta sake ɗan leƙowa kasuwa, Ya'u ya zo da kansa ya ce zai ƙera mata ta gaske, ba sai ta biya aiki ba. Kyauta ta murza koren da ke hannunta da yatsa, ta mayar da munduwar a kansa.

"Bar ta," ta ce. "Ban gama sabawa ba."