Sunan Baturen Rijiya

A kan ƙyauren ɗaki suka ɗauko shi daga bakin sabuwar rijiyar Takur, ƙafafunsa na reto domin ƙyauren bai kai tsawonsa ba. Malam Falalu na zaune a zaure yana feƙe alƙalami sai ya ji muryar ƙaninsa Idirisu tun daga kan kwana.

"Yaya Malam! Fito, Ƙaho ya faɗi!"

Malam ya ajiye wuƙa ya fito ko takalmi bai tsaya sawa ba. Masu haƙa sun jiƙe sharkaf da gumi da yayyafi, ga Baturen rijiya, wanda suke kira Ƙaho, kwance yana karkarwa, haƙoransa na haɗuwa, fuskarsa da ta saba yin ja ta koma ruwan ɗorawa.

"A rami ya faɗa?"

"A'a, yana tsaye yana duba igiya ya sulale. Tun shekaranjiya yake ɓoye zazzaɓin nan."

Suka shigar da shi gidansa, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da na Malam. Lokacin da Baturen ya zo Dutse aikin haƙa rijiyoyi, ya ƙi zama a bariki, wai ya yi nisa da aiki, mai unguwa ya ba shi kangon nan ya gyara. A lokacin Malam bai ji daɗi ba ko kaɗan. Mutum yana koyar da Alƙur'ani a wayi gari Nasara ne maƙwabcinsa? Ya daɗe gaisuwa ma sama-sama yake amsa masa.

Ranar da tsohuwar rijiyar kasuwa ta rufta da Idirisu ne abin ya sauya. Jama'a sun taru ana salati, har an fara zancen likkafani, sai Baturen nan ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya ce a zura shi. Tun hantsi yake tono da hannu, ƙasa na zubo masa a ka, bai fito ba sai bayan la'asar, rungume da Idirisu da sauran numfashi. Tun daga ranar, Maijidda matar Malam ba ta sauke tukunya ba tare da ta miƙa akushi ta kan katanga ba, shi kuma bai taɓa mayar da akushin wayam ba: yau gishiri, gobe sabulu, wata rana allura.

Mai unguwa ya tashi mahayi zuwa Kano neman likita. Amma marka ce, rafuka sun cika sun batse, kowa ya san ko mahayin ya isa, dawowar aiki ce. Da Idirisu ya fito da kaskon fitsarin majinyacin, Malam ya leƙa ya ga baƙi wuluk kamar jiƙon bagaruwa, sai ya kau da kai.

Washegari da hantsi Malam ya shiga da ƙwaryar kunun tsamiya. Ya tarar zazzaɓin ya ɗan sake shi, yana jingine da bango, Idirisu na yi masa fifita.

"Sannu, maƙwabci. Yaya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya ƙi, Malam." Hausarsa a cikin rami ya koye ta, takan karkace, amma ana ganewa. Ya kurɓi kunun kaɗan ya ture ƙwaryar. "Ka gaya wa uwargida na gode. Malam, ina da roƙo."

"Faɗi."

"Kai ne mai gyara bakin mutane. Kullum ina jin ka ta katanga, harafi ɗaya sai ka sa a maimaita har rana ta yi tsaka. Ina so ka iya sunana."

Malam ya dubi Idirisu, ya dubi Baturen. "Ashe ba Ƙaho ba ne?"

Majinyacin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ƙaho na bijimin sa ne. Ban yi fushi ba, suna ne mai ƙarfi. Amma ba shi ne nawa ba."

Ya nemi gawayi, Idirisu ya ɗauko masa a murhu. Baturen ya zana a jikin bango, daga hagu zuwa dama irin nasu: Colquhoun. Ya ce malamin ofis da ya karanta shi a takarda Kolkuhun ya kira shi, kuma bai ga laifinsa ba, domin abin da ido ya gani ke nan. Sai ya sa yatsa ya rufe haruffan tsakiya.

"Waɗannan ana rubuta su, ba a faɗin su. Barci suke yi. Abin da ya rage shi ne: Kahuun."

Nan fa Malam ya gyara zama, domin an zo gonarsa. "To ai mu ma muna da irinsu. Ga lam a cikin ash-shamsu, alƙalami na rubuta shi, harshe na tsallake shi. Sake faɗa in ji."

"Kahuun."

"Kaf ne mai sauƙi, ba ƙaf ba. Idirisu, ka ji inda kuka ɓata? Kun kai shi can maƙogwaro, alhali a kusa yake. Farkon a taƙaice, nauyin a ƙarshe, a ja shi, a rufe da nun." Ya rufe ido ya gwada a hankali. "Kahun."

"Ja shi kaɗan."

"Kahuun."

Baturen ya sa bayan hannu ya share ido. "Tun da na hau jirgin ruwa ban ji shi daidai a bakin kowa ba."

Malam ya tambaye shi ko sunan yanka ne. Ya ce a'a, na yanka nasa ne shi kaɗai, duk inda ya tafi zai bi shi. Wannan na kakanni ne, kuma asalinsa sunan wuri ne. A ƙasarsu Sikotlan, arewa da Ingila, akwai wani yanki kusa da wani babban tafki a tsakanin duwatsu. A zamanin da, aka ba wani mutum yankin, sai aka riƙa kiransa da sunan wurin, 'ya'ya da jikoki suka gada, har da talakawan da suka zauna ƙarƙashinsu.

"Kamar yadda ake ce mini Falalu na Miga," in ji Malam.

"Haka. Mu ba masu sarautar ba ne, ubana dutse yake fasawa. Amma sunan ɗaya ne."

"Yana da ma'ana?"

"Da tsohon harshen mutanen duwatsu ne, wanda kakata ke ji, ni ban iya ba. Wasu sun ce ƙaramin kurmi. Kakata ta ce matsattsen lungu." Ya yi murmushi. "Ka gani, Malam? Daga matsattsen lungu na fito, matsattsen lungu na yi ta haƙawa, ga shi kuma za ku sa ni a wani."

"Haba maigida, daina faɗin haka," in ji Idirisu.

"Idirisu, ni da kai mun san ƙasa in za ta rufta." Ya juyo ga Malam. "'Yan'uwana maza sun tafi yaƙin Jamus ba su dawo ba. Ban yi aure ba. A gidanmu ni ne na ƙarshe. Ban ce ka yi mini sallarku ba, na san ba ta halatta. In kun rufe ni, wani ya faɗi sunan daidai, ko sau ɗaya. Shi ke nan."

Malam ya daɗe yana kallon gawayin da ke bango. Sa'an nan ya ce, "In Allah ya kai mu, za a faɗa."

Kafin azahar zance ya zaga unguwa. Malam Muntaka, wanda ya girmi Malam Falalu kuma tare suka yi karatu a gabas har yakan biya masa, ya zo har zaure ya ƙi zama a buzu.

"Falalu, me nake ji? Wai kai za ka binne Nasara?"

"Allah gafarta Malam, bai mutu ba tukuna."

"Kada ka kewaye ni. Turawa ba su da mutanensu ne? Su zo su ɗauki abinsu."

"Rafi ya hana su. In ya cika a marka, kwana nawa gawa za ta jira? Ai Malam ne ya karantar da ni cewa in babu nasa a kusa, ba a bar wa kuraye ɗan Adam."

"Na karantar. Amma a sa masu haƙa su tura shi rami, ba kai mai allo ba. Iyayen yara na magana. Wallahi wasu za su kwashe 'ya'yansu."

Wannan ta taɓa Malam Falalu, domin makarantar nan ita ce abin da mahaifinsa ya bar masa. Ya sunkuyar da kai yana murza gemu. Daga cikin gida yana jin Maijidda na daka, ta tsaya cak, alamar tana saurare.

"Allah gafarta Malam," ya ce a hankali, "da mutumin nan ya tsaya lissafin wane ne nasa ranar da rijiya ta rufta, da yanzu marayun Idirisu nake riƙo. Ba salla zan yi masa ba. Sutura zan yi wa maƙwabcina."

Malam Muntaka ya kaɗa riga ya fita. Daka ta ci gaba a cikin gida.

Kwana biyu ya ƙara. Fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya, magana ta koma harshensu, wani lokaci ya kira sunayen da ba wanda ya sani. Matan unguwa da ke zuwa ɗiban ruwa suka riƙa tsayawa a ƙofar gida da tulunansu suna tambayar mai jiki. Wata tsohuwa, Iya Hassana, ta kawo ƙwai a cikin faifai, ta ce a gaya masa kafin zuwansa tun asuba take fita neman ruwa ba ta dawowa sai rana ta take, yanzu kuwa ko ruwan tuwo ta ɗora sai ta je ta dawo bai tafasa ba. Idirisu ya shiga ya faɗa masa a kunne. Ko ya ji ko bai ji ba, Allah ne masani, amma ya motsa yatsu.

Ranar Laraba da hantsi, Malam na riƙe da hannunsa, numfashin ya yi ta nisa da juna har ya tsaya. Malam ya shafe masa ido, ya ce, "Daga Allah muke, gare shi za mu koma." Idirisu ya fita bayan ɗaki ya yi kuka irin na manya, marar sauti.

Maijidda ta buɗe adaka ta fiddo farin ƙyallen da ta ajiye don ɗinka wa Malam rigar salla, ta miƙo ta kan katanga ba tare da ta tambayi kowa ba. Mai unguwa ya nuna musu wuri a gindin duwatsu, nesa da maƙabarta, kusa da wasu dabinai. Masu haƙa suka ƙi yarda kowa ya taɓa diga sai su. Suka haƙa shi da zurfi, gefe a miƙe sumul yadda ya koya musu, har Idirisu na sa igiya yana gwadawa, yana goge majina da hannun riga.

Ba a taru da yawa ba. Malam Muntaka bai zo ba, kuma tun da safe mutum biyu suka aiko aka kwashe allunan 'ya'yansu. Amma mai unguwa ya zo, da masu haƙa duka, da wasu Fulani da ke shayar da shanu a rijiyoyin da Baturen ya haƙa. Mata suka tsaya can nesa a kan hanya. Aka sa shi, aka jera itace, aka mayar da ƙasa, aka ɗora manyan duwatsu saboda kuraye.

Da aka gama, jama'a suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya san abin da ake yi bayan wannan. Malam Falalu ya matso gaban kabarin ya yi gyaran murya.

"Jama'a, mun daɗe muna kiran mutumin nan da sunan da ba nasa ba, bai taɓa ɓata rai ba. Mun sha ruwansa, ni kuma ya dawo mini da ɗan'uwana. Sunan gidansu sunan wani wuri ne a ƙasarsu, kusa da tafki, tsakanin duwatsu kamar waɗannan. Ku saurara. Kahuun."

Wasu suka ce Kahon, wasu suka koma Ƙahonsu na da. Malam ya ɗaga yatsa kamar yana gaban ɗalibai.

"Kaf mai sauƙi. Ku ja ƙarshen."

Suka sake, ya gyara, suka sake. Wani dattijon Bafulatani ya riga kowa kama shi, ya faɗa tsaf, har mai unguwa ya yi murmushi. Idirisu ne na ƙarshe. Ya dubi tarin duwatsun.

"Kahuun," ya ce. "Mun gode."

Suka watse kafin hadarin gabas ya iso. Malam ya shiga gida ya zauna a kan turmin da aka kifar a tsakar gida. Maijidda ta ɗauko buta ta durƙusa, ya tara hannuwa, ta riƙa zuba masa a hankali. Jar ƙasa ta bi ruwan ta gangara gindin zogale, wata kaza ta zo ta tsoma baki, ta ɗaga kai sama tana haɗiyewa.