Shatin Tabarma a Kuncin Raihanatu

Barmo mai atamfa a Sabon Garin Maraɗi mutum ne da ko ƙuda ya gifta sai ya so jin wanda ya aiko shi. Irin wannan mutum ne matarsa Raihanatu ta tsiro wa da zuwa Jiratawa sau uku a mako, wai sarin zogale. Ta fita da hantsi, ta dawo bayan la'asar da ɗan ƙullin da bai isa kwaɗon gida ɗaya ba. Duk wannan bai dame shi ba kamar shatin tabarma da ya gani ranar Talata kwance a kuncinta. Mai sari a tsaye take ciniki. To wa ya yi mata shimfiɗa?

Bai tambaye ta ba. Ya zauna a shago yana gyangyaɗinsa na kullum bisa bandir ɗin atamfa, in ya farka ya ci gaba da saƙe-saƙe. Shekara tara suna tare, ga shi ya fara juya maganar saki a ransa, abin kuwa yana cin sa domin yana son ta.

Ranar Alhamis ya rufe shago, ya hau babur ɗin kabu-kabu ya bi motar da ta shiga. Da ta sauka ko kallon lambunan zogale ba ta yi ba, ta miƙe gidan gwaggonta Tasalla. Barmo ya cije leɓe, ya ce a ransa ashe har da tsohuwa aka haɗa baki. Ya daɗe a gindin itacen bedi yana jiran ganin namijin da zai shiga. Akuya kaɗai ta shiga. Da ya gaji sai ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Sassauta murya, ɗan nan," in ji Tasalla. "Kwana take."

"Gwaggo, ba ta da ɗaki a Maraɗi ne?"

"Tana da ɗaki, kwanan ne babu. Kai in ka kwanta, minsharinka har maƙwabta. Wannan ma ta saba. Amma tun bayan babbar salla sai ka yi ɗif, numfashi ya ɗauke kamar an shaƙe ka. Zaune take kwana tana saurare, in ka yi shiru ta taɓa ka. Da rana kuma ga girki, ga baƙinka."

Kunya ta rufe Barmo. "Mi ya hana ta faɗa mini?"

"Ɗiyar da na rena ta dubi idon mijinta ta ce yana minshari? Ni ma sai da na ritsa ta. Na ce a kai ka likita, ta ce da wane baki za ta fara." Tsohuwar ta ɗaga labulen ɗaki. "In tafiya da ita ka zo yi, tashe ta da kanka."

Ya leƙa. Raihanatu na kwance a tabarma, ɗankwali ya zame, ta rame fiye da yadda ya sani. Ɗakin shiru, ba motsin komai. Yana tsaye sai ya ga ta zabura ba tare da ta buɗe ido ba, ta miƙa hannu tana laluben gefen tabarmar da babu kowa.

"Malam," ta ce cikin barci, "juya. Yi numfashi."